Kiwon Kaji A Bayan Gida: Wace Shimfiɗa Ta Dace Da Filin Akurki?

Kiwon kaji a bayan gida ya daɗe da zama abin rufin asiri ga magidanta da matan aure a ƙasar nan. A zamanin da, kaza kwana kawai take yi a akurki. Da gari ya waye sai a buɗe mata ta kama gabanta, ta yi tononta a juji da bayan danga, ba ta dawowa sai almuru. Yanzu kuwa birane sun cika, filaye sun ƙare, ga motoci ga ɓarayi ga maƙwabta masu shuka, saboda haka tilas ta sa jama'a suna kewaye ɗan fili da waya a jikin akurki, su tsare kajinsu a ciki dare da rana. Daga Agege a Ikko, watau Legas, zuwa Sabo a Badun, har zuwa unguwannin Kano da Kaduna da Maiduguri, irin wannan ɗan kewaye ba ya wuyar gani.

To, amma akwai abu guda da yawancin masu kiwo ba su cika kula da shi ba. Mutum zai kashe kuɗinsa wajen katako da waya da kwano, ya zaɓo 'yan tsaki masu kyau, ya sayi buhun abinci da tsada, amma ƙasar da kajin za su taka ya bar ta yadda ya same ta. Kafin wata biyu duk ɗan tsiron da ke wurin sun tone shi, wuri ya zama fetal. Ruwan farko na sauka sai fili ya koma taɓo, taɓo ya gauraya da kashi, wari ya tashi, ƙudaje su taru, a fara tsintar matattu da safe. Daga nan a ce annoba ce ta shigo gari, wasu ma su ce baki ne, alhali kuwa ciwon daga ƙarƙashin ƙafar kajin ya fito.

ABIN DA DANSHI KE HAIFARWA

Kafin a yi maganar abin da za a shimfiɗa, ya kamata mai karatu ya san aikin da ake so shimfiɗar ta yi. Kaza ba ta yin fitsari dabam kamar akuya ko tunkiya. Fitsarinta da kashinta tare suke fita, kuma farin nan da ake gani a saman kashin shi ne fitsarin. Kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen kashin kaza ruwa ne, ga shi kuwa kaza mai ƙwai tana zubar da abin da ya haura giram 100 a yini. Ke nan kaji 20 suna zuba fiye da kilo biyu kowace rana, fiye da kilo 60 a wata, duk a ɗan filin da bai fi ɗaki guda girma ba.

In wannan kashi ya bushe da wuri, illarsa kaɗan ce. In kuwa ya zauna cikin danshi, ƙwayoyin cuta sukan narkar da farin nan su fitar da iska mai yaji da ake kira amoniya. Masana kiwon kaji sun nuna cewa da zarar wannan iska ta kai kashi 25 cikin miliyan, ta fara cin idon kaza da hanyar numfashinta, girma ya ragu, ƙwai ya ja baya, sauran cututtukan numfashi su sami ƙofar shiga. Mai kaji yana tsaye ba ya jin ƙarfinta sosai, domin hancinsa na can sama, ga kuma sabo. Ita kaza kanta bai fi ƙafa guda daga ƙasa ba. Wanda ke son sanin gaskiyar abin sai ya durƙusa ya kai fuskarsa daidai kan kaza. In ya ji idonsa na yaji, to, kajin sun daɗe cikin wahala.

Na biyu shi ne zawon jini, wanda ya fi kashe 'yan kaji masu mako uku zuwa shida. Wata ƙaramar halitta ce mai suna Eimeria ke kawo shi, tana zaune a hanjin kaza, ƙwayayenta suna fita cikin kashi. Abin lura a nan shi ne, lokacin da ƙwayayen suka fito ba su da ikon kama wata kaza. Sai sun sami danshi da ɗumi da iska na kwana ɗaya ko biyu kafin su nuna. Watau jiƙaƙƙiyar ƙasa ita ce ke yi musu kwanci. Haka kuma ƙwayayen tsutsar ciki kan yi watanni a ƙasa mai laima da inuwa, amma rana da fari suna rage su ƙwarai.

Na uku kuwa ƙafa ce. Kazar da ta yini a kan jiƙaƙƙen kashi, tafin ƙafarta yakan yi laushi ya tsage, ya zama miki. In tsakuwa mai kaifi ko ƙusa ta soke ta, sai ƙurji ya taru, ta kama ɗingishi, ta kasa zuwa wurin abinci. Ga kuma ƙwai da ke ɓaci, domin da ƙafar da ta taka taɓo da ita take hawa wurin saka.

A FARA DA GYARAN ƘASA

Saboda haka babban abokin gabar mai kaji shi ne ruwa, kuma babu wata shimfiɗa a duniya da za ta yi amfani a cikin kwari. Wanda ya zuba buhu goma na garin katako a wurin da ruwa ke kwanciya, taɓo mai tsada kawai ya haɗa.

Da farko a zaɓi tudu. In babu, a yi shi. A zuba marmara ko jar ƙasa a daɓe ta sosai har ta fi sauran tsakar gida tsawo da kamar inci shida, a ba ta ɗan gangare zuwa gefe guda. A haƙa 'yar kwata a kewaye domin ruwan da ke gangarowa daga wani wuri ya wuce. A duba inda indararon gida ke zuba, kada ya zama cikin filin kaji yake kwarara. A jera bulo ko katako a gindin waya domin ya tare shimfiɗar, in ba haka ba kaji za su watso ta waje cikin mako guda.

Sai rufi. Ko da rabin filin ne a rufe shi da kwano ko zana, bakin rufin ya zarce waya yadda feshin ruwa ba zai shiga ba. Mazubin ruwan sha kuma a ɗora shi a kan bulo ko a rataye shi daidai bayan kaza, domin a gidaje da yawa ba ruwan sama ke jiƙa fili ba, kaskon ruwan da kaji ke kifarwa ne. Kada kuma a cunkusa su. Kowace babbar kaza tana bukatar kusan murabba'in mita ɗaya a fili. In an ninka yawansu, an ninka kashin, shimfiɗa kuwa ba za ta iya shanye shi ba.

YASHI

Yashi shi ne na farko ga filin da ba shi da rufi, musamman inda ruwa ke da yawa. Ba ya riƙe ruwa, ba ya ruɓewa, ba ya fumfuna. Kashi yakan bushe a kansa, a bi da rariya a tankaɗe a kwashe. Kaji suna birgima a cikinsa, suna kuma tsintar 'yan tsakuwoyin da ƙundunsu ke bukata wajen niƙa abinci, tun da ba su da haƙori. Kaurin inci huɗu zuwa shida ya isa.

Sai dai a bambanta yashi da rairayi. Yashin kogi mai gautsi, irin na magina, shi ake nufi. Rairayi mai laushi in ya jiƙe yakan daskare ya toshe ruwa, in ya bushe ya zama ƙura. Na bakin teku kuma akwai gishiri a cikinsa. Har ila yau yashi yana da aibu uku. Yana ɗaukar zafi, yadda a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri mutum ma ba ya iya taka shi ba takalmi. Kaza kuwa ba ta gumi, haki take yi ta rage zafin jikinta, saboda haka yashi ba inuwa azaba ne gare ta. Na biyu, irin ƙuman nan da ke manne wa kaji a fuska da zanko, tsutsotsinsa a cikin ƙasa mai yashi suke girma. Na uku, yashi ba ya cinye kashi, ɓoye shi kawai yake yi. Wanda ba zai iya tankaɗe shi sau biyu ko uku a mako ba, gara ya nemi wani abin. Ba a kuma sa wa 'yan tsaki sababbin ƙyanƙyasa, domin sukan ci shi ya toshe musu ciki.

SASSAƘE DA GARIN KATAKO

A ƙarƙashin rufi, da wuya a sami abin da ya fi sassaƙen katako, watau faffaɗan ɓarɓashin nan da ke fita daga injin goge katako. Yana shan ruwa, yana sakinsa da sauri, yana da laushi a ƙafa, kaji kuma suna jin daɗin tona shi. Kaurin inci uku zuwa huɗu ake farawa da shi. A Kudu samunsa ba wuya, domin can ne gidan katako. Sapele ta yi suna da shi tun zamanin Turawa, haka nan Oko Baba da ke Ebute Metta ta shafe shekaru da yawa tana tara tsibin garin katako a bakin ruwan Ikko. A Arewa ma duk babban gari akwai 'yan katako.

Garin katako mai laushi, wanda zarto ke fitarwa, bai kai sassaƙe ba. Yana tashi ya shiga hanci, yana dunƙulewa in ya jiƙe, kuma 'yan tsaki sukan ɗauke shi abinci. In shi kaɗai ake da shi, a gauraya shi da ɓuntu, a kuma rufe shi da takarda a kwanakin farko na 'yan tsaki har su gane abincinsu.

Akwai tambayoyi biyu da ya kamata a yi wa mai injin kafin a cika buhu. Shin katakon ya bushe? Ɗanyen gari da aka tara ya yi zafi yakan yi fumfuna, ita kuwa fumfuna in 'yan tsaki suka shaƙe ta tana kama huhunsu, a gan su suna buɗe baki suna neman iska, kuma da wuya magani ya yi musu aiki. Shin an shafa wa katakon maganin gara, ko baƙin mai, ko fenti? In an shafa, a bar shi. Garin wasu itatuwan Kudu kamar mansoniya da loko an san shi da sa kafintoci ƙaiƙayi da atishawa, abin da ya dami kafinta kuwa ba zai bar kazar da ke kwana a kansa ba.

ƁUNTU DA ƁAWON GYAƊA

Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafar da ba a casa ba ɓuntu ne. Shi ya sa duk inda injin casa yake, daga Abakaliki zuwa Kura a jihar Kano da Argungu a jihar Kebbi, akan ga tsibinsa. Ɓuntu ba ya shan ruwa kamar sassaƙe, amma ba ya dunƙulewa, yana bushewa da wuri, kuma yana daɗewa bai ruɓe ba saboda sinadarin yashi da ke jikinsa. Ga wanda ke kusa da injin, wannan ita ce shimfiɗa mafi araha kuma tana yin aiki sosai a ƙarƙashin rufi. Aibinsa rashin nauyi. Iskar hunturu tana kwashe shi, kaji suna watsa shi cikin ruwan sha. Ragowar tsabar da ke ciki kuma tana jawo ɓeraye, inda ɓera ya yi yawa kuwa maciji na tafe. A nemi tsantsar ɓuntu, ban da wanda ya gauraya da dusa, domin dusa tana tsami in ta jiƙe.

Ɓawon gyaɗa yana shan ruwa, yana da laushi, kuma yana zama taki mai kyau. Amma a nan ne ya kamata a fi yin hattara, domin gyaɗa da fumfuna sun saba. A shekarar 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila ba a san dalili ba. Da aka bi diddigi sai aka gano ƙulin gyaɗa ne da aka kawo daga Brazil, wanda wata fumfuna ta zuba wa guba. Daga nan ne duniya ta san gubar da ake kira afalatoksin, mai lalata hanta. Ɓawon da ya taɓa jiƙewa, ko wanda ke da baƙi-baƙi ko kore-kore, ko mai warin ruma, kada ya shiga wurin kaji ko da kyauta ne. Wanda ya bushe ƙayau kuma aka ajiye shi a inuwa ana iya amfani da shi da rani, a kwashe kafin damina ta kankama.

TATTAKA, TOTUWA DA SIMINTI

Busasshiyar ciyawa da tattaka da karan shinkafa suna samuwa a ƙauye ba ko kwabo. In za a sa su, a daddatse su gajeru. Dogon kara yakan kwanta ya zama tabarma, sama a bushe, ƙasa a ruɓe, ga shi kuma maɓoyar ƙwarƙwata da ƙuma. Totuwar masara da aka farfasa ƙanana tana yin aiki, muddin ta bushe. Busassun ganyen mangwaro da na darbejiya da ake sharewa a ƙone, in an zuba su a fili kaji za su yini suna tonawa, kuma kazar da ta sami abin tono ba ta cika tsattsage 'yar'uwarta ba. Ƙaiƙayin gero kuwa ƙurarsa ta yi yawa. Tsakuwa da ɓawon kwakwar manja suna tsane ruwa, amma suna da kaifi, kashi kuma yana shigewa tsakaninsu ba ya kwasuwa. Wurinsu ƙarƙashin yashi ne.

Daɓen siminti yana hana ɓera haƙowa, yana yanke wa ƙuma hanyar hayayyafa, ana kuma iya wanke shi tas bayan an sayar da kaji. Ga mai hali wannan gyara ne mai kyau. Amma siminti tsirara yana cin ƙafar kaza, musamman manyan kajin nama masu nauyi, saboda haka ko an yi shi sai an zuba sassaƙe ko ɓuntu a kai.

TOKA DA WURINTA

Iyaye mata sun daɗe da sanin amfanin toka wajen korar ƙwarin kaji, kuma gaskiyarsu ne. Kuskuren da ake yi shi ne barbaɗa ta a duk faɗin fili. Duk wadda ta taɓa tace ruwan toka don miya ta san kaifinsa. Tokar da ta jiƙe tana ƙona tafin ƙafa, in kuma ta haɗu da ɗanyen kashi sai ta ƙara tayar da amoniya. Abin da ya dace shi ne a sami tsohuwar taya ko rabin garwa, a zuba yashi da busasshiyar ƙasa da 'yar tokar itace, a ajiye inda ruwa ba ya taɓawa. Kaji da kansu za su yi layi su yi birgimarsu. Tokar juji da aka ƙona leda da roba a cikinta ba ta cikin lissafi.

KOWA DA GARINSA

Nijeriya ba yanayi ɗaya gare ta ba. Fatakwal tana samun ruwan da ya haura milimita 2,000 a shekara, Sakkwato kuwa ba ta kai ko rabin haka. Shawarar da ta yi wa mai kaji a Anaca daidai tana iya cutar da na Katsina.

A Kudu, inda damina ke da tsawo kuma iska ke ɗauke da laima, rufi da tudu su ne kan gaba. Yashi a sashen da ke buɗe, sassaƙe a sashen da ke rufe, ɓawon gyaɗa da doguwar ciyawa kuwa a nisance su. A Arewa mai nisa matsalar wata takwas zafi ce da ƙura. A nan inuwa ake nema, da ɓuntu ko sassaƙe mai kauri, in ƙura ta yi yawa da hunturu a ɗan yayyafa ruwa kaɗan a juya. Amma watan Agusta ba ya wasa ko a Arewa, domin ruwan shekara a ɗan lokaci yake zuba, sai a gyara kwata tun watan Mayu. A tsakiyar ƙasa, kamar Jos da Abuja da Minna, akan haɗa dabarun biyu bisa ga lokaci. Ko'ina dai mutum yake, abin da ke kusa da shi kuma yake samuwa a bushe duk shekara ya fi abin da sai an yi hayar mota an ɗauko, domin shimfiɗar da ke da wuyar samu ba a canza ta a kan kari.

KULAWA TA YAU DA KULLUM

Akwai gwaji mai sauƙi da masu manyan gonaki ke yi. A damƙi shimfiɗar a hannu a matse, sannan a buɗe. In ta ɗan haɗu ta wargaje, daidai take. In ta dunƙule kamar fura, ta jiƙe, sai a kwashe wurin a zuba sabuwa. In ta ƙi haɗuwa sam kuma ƙura ta tashi, ta bushe da yawa. A riƙa juya ta da manjagara, ko kuwa a watsa ɗan hatsi a kai da yamma, kaji su yi juyin da ƙafarsu.

Wasu sukan kwashe duka bayan 'yan makonni. Wasu kuma sukan riƙa ƙara sabuwa a kan tsohuwa har ta kai inci takwas ko fiye, ta riƙa narkewa a hankali daga ƙasa. An gwada wannan hanya a tashar binciken aikin gona ta jihar Ohio a Amurka cikin shekarun 1940, aka ga kajin da ke kan tsohuwar shimfiɗa suna girma da kyau, daga baya aka danganta haka da bitamin B12 da ƙananan halittun cikinta ke samarwa. Amma hanyar ba ta yiwuwa sai ƙarƙashin rufi, kuma in cuta ta taɓa shiga, tilas a kwashe kome, a bar wurin ya sha rana kafin a kawo wasu kaji.

Kada a karɓi tsohuwar shimfiɗa daga gidan wani, ko buhunan da suka fito daga wata gonar kaji, kome arhar su. Tun da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna cikin watan Fabrairun 2006, an san cewa kashin kaji da takalma da buhuna suna cikin hanyoyin da take bi daga gida zuwa gida. In kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, wannan ya wuce maganar shimfiɗa, sai a hanzarta sanar da likitan dabbobi.

Tsohuwar shimfiɗa kuwa ba shara ba ce. Manoman albasa da tumatir da masara suna sayen takin kaji da kuɗinsu. Sai dai ɗanyensa yana ƙona shuka, yana kuma ɗauke da cuta. A tara shi nesa da akurki da rijiya, a ɗan jiƙa shi, a rufe, a riƙa juyawa har ya yi zafi ya huce ya zama baƙi mara wari. In za a zuba ɗanye a lambun da ake cin ganyensa ba dahuwa, kamar latas, masana suna ba da shawarar a bar wata huɗu tsakanin zubawa da girbi. Wanda ya zaɓi ɓuntu ko sassaƙe zai sami wannan riba ta biyu. Wanda ya zaɓi yashi kuwa abin da rariya ta tara masa shi ne takinsa, sai ya riƙa zuba shi a buhu yana ajiyewa a inuwa har damina ta zo.